Tagar da Arvo Ya Auna

A garinmu namiji ba ya zuwa gidan mace hannu rabbana ya ce wai gaisuwa ya zo. Sai da dalili, kuma dalilin ya zama mai nauyi, irin wanda maƙwabta za su gani a bayan motarsa: shebur, ko injin kwashe dusar ƙanƙara, ko tsani. Arvo Niemela tsani ya zaɓa.

Tun shekarar da yayana Waino ya rasu ya bar matarsa Elvi ita kaɗai a tsohon gidan katakon nan mai bene da ke kallon nawa, Arvo ke zuwa sau biyu a shekara. Da kaka, in ganye ya gama zuba, sai ya shiga ɗakin ƙasa ya fito da tagogin hunturu, manyan firam ɗin nan na katako da gilashi da ake ratayawa a bayan tagogin gida don su tare iska. Ya wanke su, ya hau tsani ya rataya. In ƙanƙara ta narke ya dawo ya sauke su ya sa ragar sauro. Aikin yini ɗaya ne ga mai son gamawa, amma Arvo yakan cinye mako guda a kansa.

Ni ina zaune a falona ina kallo, don ba ni da aikin da ya fi wannan daɗi. Kullum tagar kicin yake bari ta ƙarshe. Elvi ta ɗaga gilashin ciki ta dafa gwiwar hannu, shi kuma ya tsaya a kan tsani da firam ɗin a jingine, su yi ta hirar sanyin bara, da tsadar man ɗumama gida, da waɗanda suka mutu. In hira ta fara ƙarewa sai ta yi masa tayin gahawa. A wurinmu ba a karɓar tayi da fari, sai mayunwaci ko baƙon da ba a koya wa tarbiyya ba. A ƙi sau biyu, a karɓa a na uku, kuma ko a na ukun sai an nuna cewa taimako ake yi.

"Shigo ka sha gahawa."

"A'a, kada ki wahalar da kanki."

"Ai na riga na ɗora."

"Na sha a gida."

"Rabin kofi ne ya rage, zubarwa zan yi."

"To, tunda dai zubarwa za a yi."

Sai ya shiga ya sha kofi uku, ya cinye rabin burodin kirfa da ta tashi tun asuba ta gasa, wanda ita kuma za ta ce ragowar na jiya ne. Fiye da shekara goma suna wannan. Ita ta haura saba'in, shi ya girme ta, matarsa ta riga Waino tafiya, babu wanda zai hana su komai. Na taɓa ce mata, "Yaya, mutumin nan fa ba don tagogi yake zuwa ba." Ta ce to don me, wa zai rataya su in ba shi ba, sai ta hau goge teburin da ta riga ta goge. Haushi suke ba ni, su biyun, amma ina son su.

Dorene ce ta kawo mana fitina, ba tare da ta sani ba. Ita ce 'yar Elvi tilo, tana aiki a Minneapolis, yarinyar kirki mai son uwarta, sai dai ba ta iya ganin abu ta bar shi ba ta gyara ba. Ranar bikin godiya, wanda dangi kan taru a ci abinci a ƙarshen kaka, muna tsakiyar cin talotalo, iska ta kaɗa labulen ɗakin cin abinci alhali taga a rufe take ruf, kyandir ɗin tsakiyar tebur ya mutu. Dorene ta ajiye cokali ta ce ta gaji da ganin uwarta tana kwana da kwat a cikin gidanta. Ta ce gwamnati ta fito da tsari: duk wanda ya cire tsofaffin tagogi ya sa sababbi masu riƙe zafi, za a rage masa wani kaso na kuɗin daga harajinsa. Elvi kuwa tana biyan haraji a kan fanshon Waino, kuma duk shekara sai ta yi kwana uku tana mitar abin.

Gaskiya dai yarinyar ta fi mu gaskiya, gidan nan rariya ne. Kuma ta faɗi kalmar da ba a yi mata gardama a garinmu, wato rangwame. Mu mutane ne masu wanke leda mu shanya a kan igiya. Wanda ya ga rangwame ya kau da kai, har a coci sai an yi zancensa. Elvi ta ce firam ɗin katako ne mai kyau, babanki da hannunsa ya yi musu fenti. Dorene ta ce da Baba yana raye da shi zai fara layi. Wannan ma gaskiya ne, Waino ya taɓa tuƙa mota har Duluth don an rage kuɗin safa. Dalilin Elvi na gaskiya ba irin wanda ake faɗa wa 'ya ba ne, sai ta ce to.

Ni na kai wa Arvo labarin ranar Lahadi, a wurin shan gahawa bayan an tashi daga coci, don ina son in ga fuskarsa. Ya saurara har na gama. Ya ce ya san irin tagogin, gilashi uku ne a haɗe, abu mai kyau, in an sa su ba sa bukatar kowa. Daga nan ya yi ta juya cokali a cikin gahawar da bai sa wa sukari ba.

Na ce a raina ba da ni za a yi wannan ba. Da farko na bi ta hanyar ƙarya. Na gaya wa Dorene cewa sababbin gilasan suna kashe furannin ɗaki, na ce wata mata a garin gaba ta yi asarar duk shuke-shukenta. Ta latsa wayarta ta nuna mini ba haka ba ne, ta tambaye ni sunan matar, na ce ta rasu. Sai Allah ya taimake ni da gaskiya, abin da ban saba aiki da shi ba. Mutumin da ke cike mini takardun haraji ya ambata cewa ragin yana da iyaka a kowace shekara. Wanda ya canza tagoginsa duka a tashi ɗaya, rangwamen shekara ɗaya kawai zai samu. Wanda ya bi a hankali, biyu bana, biyu baɗi, kowace shekara yana da rabo.

Ban jira na isa gida ba na kira Dorene. Ta yi lissafi, sannan ta ce, "Goggo Lorna, ashe haka kike da kai?" Na ce mata ai ni ban iya ganin asara in yi barci ba. Aka tsayar da magana za a fara da bene, a riƙa saukowa a hankali. Da na gaya wa Elvi, washegari sai na tarar da burodin kirfa guda a bakin ƙofata, kuma ba na jiya ba ne.

Tunanina shi ne in Arvo ya ga tagogin suna raguwa a gabansa, tsoro zai buɗe masa baki. Ashe ban san mutumin ba. Da aka rage masa aiki sai ya rage sauri. Ya koma wanke kowane gilashi ciki da baya sau biyu, ya kankare tsohon fenti, ya sake sabo, ya zauna a kan tsani yana jiran ya bushe. Mako guda dai bai ragu ba. Shekara biyu aka yi haka, hira tana nan a kan man ɗumama gida da matattu.

Sai a shekara ta uku labari ya zo cewa za a janye tsarin a ƙarshen shekara. Kuma sayen taga bai isa ba, sai an kafa ta a bango kafin sabuwar shekara ta shigo. Gari ya ruɗe. Mutanen da suka yi shekaru suna cewa leda da abin busar da gashi sun ishe su toshe iska, duk suka bazama neman kafinta. Dorene ta ce ragowar tagogin ƙasa duka za a canza, ko da wasu ba za su shiga rangwamen ba, abin da aka samu ya fi babu. Dale Hautala, kafintan da ya yi na bene, ya ce zai zo ya kafa, amma ba shi da lokacin awo. A kawo awo a kai kanti, kanti ya aika masana'anta, kuma abin da aka ƙera da awonka naka ne, ba a mayarwa.

Dorene ta ce ai wannan mai sauƙi ne, ga Baba Arvo. Mutumin da ya yi rayuwarsa a ɗakin gyaran injunan ma'adinai yana yanka ƙarfe da awo, wanda in ya ce inci ne to inci ne. Ta roƙe shi, ya ƙi sau biyu, ya karɓa. Ranar da na hango shi da tef ɗin awo a hannu yana zagaya gidan yana auna tagogin da za su kore shi, sai da na ji hawaye ya zo mini, sannan haushi ya biyo baya. Na saka takalmi na tsallaka titi.

"Arvo, bakinka ciwo yake yi?"

"Wane baki?"

"In an gama kafa waɗannan, da me za ka riƙa zuwa?"

Ya ɗaga kai ya dubi rufin. "Akwai indararo. Ganye yakan toshe shi."

"Dorene ta sa an rufe shi da raga tun bara. Kai ka riƙe musu tsani."

"To, Allah na nan."

"Allah na nan, amma ba shi zai je kicin ya faɗa mata ba."

Ya ja tef ɗinsa ya ci gaba da awo kamar da iska nake magana. Na koma gida na rantse na cire hannuna, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Tagogin sun iso ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Dorene ta ɗauki hutu ta zo. Sanyin ranar irin wanda gashin hanci ke daskarewa ne, Dale da mutanensa suna cire tsohuwa suna cusa sabuwa da sauri kafin gidan ya huce. Kowace ta shiga gurbinta daidai, ko ɗan katako ba a cusa a gefe ba. Dale sai yaba awon yake. Arvo yana tsaye a gefe da hannuwa a aljihu, ba wanda ya kira shi, ba wanda ya kore shi. Elvi tana ciki tana ta dafa gahawar da ta fi ƙarfin mutanen da ke wurin.

Da aka zo kan tagar kicin, Dale ya ɗauko ƙarfen ɓamɓara zai fara cire tsohuwar, sai Arvo ya yi magana a karon farko tun safe. Ya ce ya dai gwada sabuwar tukuna kafin ya taɓa wannan. Na ji shi da kunnena, na kuwa juyo na kafa masa ido. Aka ɗaga sabuwar aka kanga a bango. Ta fi gurbin faɗi da kamar yatsa uku. Dale ya juya ta, ya sake gwadawa, ya tsaya yana sosa ƙeya ta cikin hula. Ya ce da ƙarama ce da ya cike gefen da katako, amma babba sai an fasa bango, ga bututun ruwa a ciki. Ya kira kanti, suka ce masana'anta ba za ta ƙera wata ba sai bayan sabuwar shekara. Taga ta zama tamu, rangwamenta kuma ya tafi.

Na so in yi guɗa a tsakar dusar ƙanƙara. Ashe dattijon yana da wayo, kuma ya san wace taga zai tsare. Sai dai murnata ba ta kai ko'ina ba.

Muka shiga kicin don mu ji ɗumi. Na zaci Dorene za ta yi faɗa, kuma da faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Sai ta ja kujera ta zaunar da Arvo, ta dafa kafaɗarsa, ta yi ƙasa da murya irin ta masu jinya. Ta ce kada ya damu da kuɗin, shekaru ne, ba laifinsa ba ne. Ta ce mahaifin wata ƙawarta haka ya fara, da ƙananan kurakurai. Za ta nemar masa ganin likita a Duluth. Kuma daga yau ba za ta yarda ya sake hawa tsani a gidan nan ba, in ya faɗo ba za ta yafe wa kanta ba. Tagar hunturu ɗayar da ta rage, Dale zai riƙa ratayawa in ya zo wucewa. Dale da bakinsa cike da burodi ya ce ba komai, aikin minti biyar ne.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Arvo ya zauna yana murza hularsa, kunnuwansa sun yi ja. Elvi ta juya mana baya tana fuskantar murhu, ba ta motsi. Na dube su na ga sarai abin da zai faru: mutumin nan zai yarda a kira shi wanda hankalinsa ya fara gushewa, a ƙwace masa tsani, ya koma gida ya mutu da maganarsa a ciki, don dai kada ya buɗe baki a gaban mutane. Na riga na rantse na cire hannuna, amma rantsuwata ba ta cika daɗewa ba.

"Gaskiyarki, 'yar nan," na ce. "Ni ma na daɗe da lura, kunya ce ta hana ni faɗa. Ran nan a coci ya fi rabin awa yana neman motarsa, alhali da ƙafa ya zo."

Arvo ya ɗago ya harare ni.

"Ni da za a bi tawa, har makullin motar a karɓe. Akwai gidan tsofaffi mai kyau a bakin tafki, an ce ranar Laraba har rawa suke yi."

"Lorna," in ji shi, "ƙarya kike yi."

"Ka gani ko? Bai ma tuna ba."

Ya ajiye hular a kan tebur. Bai kalli kowa ba, tagar ya kalla.

"Ba kuskure na yi ba. Na san faɗin tagar nan ko a mafarki. Da gangan na ƙara."

Dale ya daina tauna. Dorene ta janye hannunta daga kafaɗarsa ta ce, "Da gangan? Don me, Baba Arvo?"

Iska tana fito ta gefen tsohon firam ɗin.

"In aka sa ta," ya ce, "ba ni da abin zuwa yi."

A garinmu wannan ya fi waƙar soyayya. Dorene ta dubi uwarta, ta dube ni, na ga lissafin shekara goma yana shiga mata kai a lokaci ɗaya, ta sa hannu ta rufe baki. Elvi ta juyo a hankali da cokalin katako a hannu. Fuskarta a ɗaure take tamau, amma wuyanta ya yi ja har ƙasan kunne.

"Ka san asarar da ka jawo mini?"

"Na sani. Zan biya."

"Kai da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ka yarwa."

"Haka ne."

Ta goge hannunta da ƙyalle, ta ninke shi, ta sake warwarewa. Sannan ta ce taga ɗaya tak ba ta kai a riƙa jigilar tsani daga wancan gefen gari sau biyu a shekara ba, ɓarnar mai ce kawai. Ta ce akwai wuri a garejinta, inda motar Waino take a da.

"Ka kawo tsanin ka bar shi a nan," ta ce. "Da sauran kayan."

Duk muka gyara zama muna jiran ya ce a'a, kada ta wahalar da kanta. Har Dorene, don ita ma a nan aka haife ta. Na ga bakin Elvi ya riga ya shirya magana ta biyu, ta uku tana bayanta.

"To," in ji Arvo.

Cokalin ya kuɓuce mata ya faɗi ƙasa. "Ai sau ɗaya na faɗa."

"Na ji," ya ce. "Kada ki fasa ne kafin a kai na uku."

Dale ya miƙe ya ce bari ya je ya duba motarsa. Na ja hannun Dorene muka bi bayansa, muka tsaya a sanyi ba ko kwat, tana kuka tana dariya tana cewa me ya sa ba wanda ya gaya mata. Na ce wa zai gaya miki, su kansu ba su gaya wa juna ba.

Babbar tagar ni na gaje ta. Dale ya faɗaɗa gurbin falona ya kafa mini ita da bazara, ta ɓangaren da ke kallon gidan Elvi, kuma gaskiyar gwamnati, tana riƙe zafi. Ta cikinta nake hango su kowace safiya. Gidan nan duka ya yi ɗumi yanzu, ko'ina za su iya zama da 'yar riga, amma a gindin tsohuwar tagar kicin suke ajiye kujerunsu, kowa da suwaita, labule yana kaɗawa a tsakaninsu. Da kakar nan na ga Arvo ya fito da tsaninsa daga gareji zai rataya tagar hunturun da ta rage. Na ɗora gahawata na dawo don in zauna in sha kallo, na tarar har ya gama ya koma ciki.